Yadda ake sauya manhajar na'urar da ke gadin intanet

A ranar 25 ga watan Satumba na shekarar 2025, hukumar kula da tsaron intanet ta Amurka, wato CISA, ta aika wa ma'aikatun farar hula na gwamnatin tarayyar ƙasar umarnin gaggawa game da wasu na'urori ƙirar kamfanin Cisco.

Umarnin ya buƙaci a binciki kowace na'ura a gani ko masu kutse sun shige ta, a kuma sabunta manhajarta kafin ƙarshen washegari. Waɗanda wa'adin kula da su ya ƙare kuwa, an ce a cire su daga aiki baki ɗaya kafin watan ya fita.

Abin da ya sa lamarin ya ja hankali shi ne, waɗannan na'urori su ne aka saya da tsada domin su hana masu kutse shiga.

Ana kiran irin wannan na'ura katangar tsaro. Akwati ne na ƙarfe da ake jerawa a ɗakin kwamfutoci na banki, ko kamfanin wayar salula, ko jami'a, ko ma'aikatar gwamnati. Waya ɗaya takan shigo mata daga intanet, wata kuma ta fita zuwa kwamfutocin cikin gida. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta cikinta, ita kuma ta auna shi da dokokin da aka rubuta mata, ta bar shi ya wuce ko ta yar da shi. Matsayinta dai kamar na zaure ne a gida.

To sai dai ita ma kwamfuta ce, kuma manhajar da ke tafiyar da ita mutane ne suka rubuta, tare da kurakuransu. Idan aka gano wata kafa a cikinta, kamfanin da ya ƙera ta yakan fitar da sabon zubi, sai ya rage wa mai na'urar ya ɗauko shi ya shigar.

A na'urorin Cisco samfurin ASA, waɗanda aka fara sayarwa a shekarar 2005 domin su gaji tsofaffin na'urorin PIX, manhajar takan zo ne a matsayin fayil guda. Saboda haka sabuntawar, a taƙaice, ɗaukar fayil ne daga wata kwamfuta zuwa ma'ajiyar da ke cikin na'urar, sa'annan a umarce ta ta tashi da shi. A wannan ɗan takin ne, tsakanin kamfani da ma'ajiya, mafi yawan hatsarin yake.

Tsohuwar hanya mara makulli

Hanyar da injiniyoyi suka fi sabawa da ita wajen wannan aiki ita ce TFTP. An bayyana ƙa'idojinta a shekarar 1981 a wata takarda da Karen Sollins ta cibiyar MIT da ke Amurka ta rubuta, aka kuma yi mata gyara a shekarar 1992. Harafin farko na sunan yana nufin abu ne mai sauƙi ƙwarai, kuma da gangan aka yi ta haka, domin ƙananan na'urori marasa wadatar ƙwaƙwalwa su iya ɗauke da ita.

Yadda take aiki shi ne, na'urar takan aika buƙata zuwa ƙofa mai lamba 69 ta kwamfutar da fayil ɗin yake, ta ambaci sunansa. Kwamfutar sai ta yanko gutsure na farko mai bayit 512 ta aiko, ta kuma dakata. Ba za ta aiko da na biyu ba sai na'urar ta amsa cewa na farko ya iso. Haka za a yi ta yi, gutsure da amsa, har a zo kan wanda bai cika bayit 512 ba, wanda shi ne alamar an kai ƙarshe.

Iyakar abin da ta iya ke nan. Ba ta tambayar sunan mai buƙata, ba ta neman kalmar sirri, ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi. Ko jerin fayilolin da ke akwai ma ba ta iya nunawa, sai mutum ya san sunan abin da yake nema harafi da harafi.

Wannan jira da ake yi bayan kowane gutsure ba a jin sa idan kwamfutar da na'urar suna ɗaki ɗaya. Amma idan ta tauraron ɗan adam aka haɗa su, kamar yadda rassan bankuna da dama a Najeriya suka dogara da kwanukan VSAT a shekarun 2000, to kowane zuwa da dawowa yakan ci aƙalla rabin daƙiƙa, domin tauraron yana da nisan kusan kilomita dubu 36 daga doron ƙasa. Fayil mai megabayit 30 ya ƙunshi gutsattsari fiye da dubu 61, ke nan sai an shafe sama da sa'o'i 8 kafin ya kammala isa, komai faɗin layin da aka biya wa kuɗi.

Akwai kuma wata iyakar. A ƙa'idar asali, lambar da ake ba kowane gutsure ba ta wuce 65,535, wanda ya sa fayil ba ya iya haura kimanin megabayit 32. A shekarar 1995 an ƙaro damar a faɗaɗa gutsuren, wasu manhajojin kuma sukan koma su fara ƙirga daga farko idan lambar ta cika. Duk da haka, tsohuwar manhajar TFTP takan ɗauki babban fayil ta yi nisa da shi, sa'annan ta tsaya cak ba tare da wani gamsasshen bayani ba.

Yayarta FTP ta girme ta da shekaru goma, domin Abhay Bhushan ne ya fara tsara ta a shekarar 1971, shi ma a MIT. Ta fi sauri, kuma tana tambayar suna da kalmar sirri, sai dai a fili take aika su, duk wanda ya kasa kunne a kan layin zai iya karantawa. Tana da wani tarkon kuma: idan aka bar ta a tsarin aika rubutu maimakon tsarin aika ɗanyen fayil, takan sauya wasu alamomi a hanya da nufin gyara, manhajar ta iso a lalace.

Abin da kamfanoni ke ba da shawarar a yi amfani da shi a yau shi ne SCP, ko kuma HTTPS irin wanda shafukan bankuna ke amfani da shi. SCP ta dogara ne a kan SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a shekarar 1995 a ƙasar Finland, bayan da wani ya dasa abin satar kalmomin sirri a layin jami'arsu. Waɗannan hanyoyi suna rufe komai, daga kalmar sirri har fayil ɗin kansa.

Amma TFTP ba ta mutu ba, kuma akwai dalili. A cikin na'urar akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna ROMMON, wadda ita ce ke fara farkawa idan aka kunna wuta, ta nemo babbar manhaja ta tashe ta. Idan babbar ta lalace ko ta ɓata, ROMMON kaɗai ke saura, kuma hanyar da ta sani ta ɗauko fayil ta kan layi ita ce TFTP. Wato hanyar da ta fi kowace rauni ita ce ake komawa gare ta ranar da komai ya tsaya.

Daren aikin

Galibi da tsakar dare ake yin sabuntawa, ko a ƙarshen mako, domin dole a kashe na'urar a sake kunnawa, kuma a cikin waɗannan 'yan mintoci babu saƙon da ke shiga ko fita. A banki, wannan na iya nufin na'urorin cirar kuɗi su daina amsawa.

Kafin a taɓa komai, injiniya mai lura yakan fara da karanta takardar bayanin da ke rakiyar sabon zubin. Ba kowane zubi ake iya tsallakawa zuwa gare shi kai tsaye ba, wani sai an yada zango a wani na tsakiya. Wani kuma yakan zo da sauyin da ya shafi dokokin da aka riga aka rubuta. Alal misali, zubi na 8.3 na manhajar ASA da ya fito a shekarar 2010 ya sauya yadda ake rubuta dokokin musayar adireshi gaba ɗaya, ya kuma buƙaci a ƙara wa wasu samfurori ƙwaƙwalwa kafin su iya ɗaukarsa. Wanda ya shigar da shi ba tare da ya karanta ba, yakan wayi gari da dokokin da bai gane su ba.

Daga nan sai a kwafe fayil ɗin tsare-tsaren na'urar a adana shi a waje, a kuma duba ko ma'ajiyar tana da wurin da zai ɗauki sabuwar manhaja ba tare da an goge tsohuwar ba.

Wannan batu na wuri ya fi yadda ake zato muhimmanci. Muddin tsohuwar manhaja tana nan, ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, asarar ba ta wuce ta lokaci ba: na'urar za ta tashi da tsohuwar, a sake farawa. Hatsarin yana zuwa ne idan aka goge tsohuwar domin samar da wuri, ko kuma idan ROMMON ɗin kanta ake sauyawa. A irin wannan hali ɗaukewar wuta ta daƙiƙa guda na iya mayar da na'urar ƙarfen banza. A wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, duba lafiyar batiran ajiyar wuta da man janareta yana cikin aikin kansa.

Kwafar ita ce mafi sauƙi. A kan ASA, injiniya yakan rubuta umarnin copy, ya faɗi hanyar da za a bi, da adireshin kwamfutar, da sunan fayil. Sai alamomin motsin rai su fara jeruwa a kan allo, suna nuna cewa abu na tafiya.

Bayan an gama, sai a gaya wa na'urar wane fayil za ta tashi da shi, a bar tsohon a matsayin na biyu, a adana wannan sauyi, sa'annan a sake kunna ta. Mantuwa da adana sauyin kuskure ne da ya zama ruwan dare: na'urar takan tashi lafiya lau, amma da tsohuwar manhaja, mai aikin kuma ya tafi gida yana zaton ya gama.

Manyan ma'aikatu sukan sayi na'urorin ne tagwaye, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Sai a fara sabunta mai jiran, a mayar da aiki kanta, idan an ga komai daidai a koma kan 'yar'uwarta. Ta haka masu hulɗa ba sa ma sanin an yi wani abu. Wanda ke da guda ɗaya tak, kuma yana yin aikin daga nesa, shi ne ke cikin zullumi, domin idan na'urar ta ƙi tashi, hanyar da zai bi ya gyara ta ita ce ta rufe. Sai dai a sami wanda zai je ɗakin da ƙafarsa, ya jona waya kai tsaye a jikinta, ya yi magana da ROMMON. Ko a nan ma akwai abin lura: a na'urorin ASA, fayil ɗin da ROMMON ta ɗauko yakan zauna ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, dole a sake kwafa shi zuwa ma'ajiya, in ba haka ba da zarar wuta ta ƙifta an koma gidan jiya.

Wa ya tabbatar da fayil ɗin?

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko abin da ya iso shi ne abin da kamfani ya fitar.

Domin amsa ta, kamfanoni sukan wallafa wani dogon jerin lambobi da haruffa a gefen kowane fayil, wanda ake samarwa ta hanyar lissafi daga abin da fayil ɗin ya ƙunsa. Tamkar zanen yatsa yake: idan aka sauya ko da ɗigo ɗaya a cikin fayil, jerin yakan sauya gaba ɗaya. Na'urar tana da umarnin verify da ke yin lissafin a kan fayil ɗin da ya shigo, injiniya kuma ya gwada sakamakon da wanda kamfani ya wallafa.

An daɗe ana amfani da lissafin MD5, wanda Ronald Rivest ya tsara a shekarar 1991, mai ba da alamomi 32. A shekarar 2004 wata masaniyar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna cewa ana iya ƙirƙiro fayiloli biyu daban masu zanen MD5 iri ɗaya. Tun daga nan aka riƙa komawa ga irin su SHA-512, mai alamomi 128. MD5 har yanzu yana iya nuna fayil ɗin da ya lalace a hanya, amma ba a dogara da shi a gaban maƙiyi mai wayo.

Dalilin wannan taka-tsantsan ya fito fili a watan Satumban shekarar 2015, lokacin da kamfanin FireEye ya ba da rahoton gano na'urorin rarraba intanet na Cisco guda 14 a ƙasashen Yukren, Filifins, Meziko da Indiya, waɗanda aka musanya musu manhaja da ta jabu. An raɗa wa wannan dashe suna SYNful Knock. Masu kutsen ba wata kafa suka bi ba. Da izinin shiga irin na mai gida suka yi amfani, suka ɗora fayil ɗinsu kamar yadda kowane injiniya ke yi. Sun kuma kula sun bar girman fayil ɗin daidai da na asali, ta yadda mai duba girma kawai ba zai ga komai ba.

Wannan darasi ya shafi duk wanda ya sayi na'ura ta hannu. Sauke manhaja daga shafin kamfani yakan buƙaci kwantiragin kula da na'ura, wanda ake biya wa kuɗi, kuma wanda ba shi da shi yakan shiga jarrabawar karɓar fayil daga aboki ko daga wani shafi da ba a san mai shi ba. Fayil ɗin da aka samo ta wannan hanya, idan ba a gwada zanensa da na kamfani ba, daidai yake da ɗaukar mai gadi daga bakin titi a miƙa masa makullan gida.

Sai dai zanen yatsa ma yana da iyakarsa. A watan Disamban 2015 kamfanin Juniper ya sanar da cewa ya gano wasu layukan da ba shi ya rubuta ba a cikin ScreenOS, manhajar katangun tsaronsa na NetScreen. Ɗaya daga ciki kalmar sirri ce ta ɓoye da ke buɗe kowace na'ura, ɗayan kuma yana ba da damar warware saƙonnin da aka rufe. Sun shafe shekaru a cikin zubin da kamfanin da kansa ya riƙa rabawa. Duk wanda ya gwada zanen a lokacin zai ga ya yi daidai, domin tun daga tushe aka gurɓata ruwan. Bayan fitar gyaran, kamfanin Fox-IT na ƙasar Holand ya ce cikin sa'o'i 6 ya gano kalmar sirrin ta hanyar kwatanta tsohon fayil da sabo. Wato ranar da gyara ya fito, ranar ce masu kutse ke samun taswirar raunin, kuma daga nan tsere ake yi tsakaninsu da masu sabuntawa.

Ƙofar da fayil ke shiga ta nan yake fita

A ranar 16 ga watan Afrilun shekarar 2018, hukumomin Amurka da na Birtaniya suka fitar da gargaɗin haɗin gwiwa, inda suka zargi masu kutse da ke da goyon bayan gwamnatin Rasha da kai hari kan na'urorin sadarwa a ƙasashe da dama. Rasha ta musanta zargin.

Ɗaya daga cikin dabarun da gargaɗin ya bayyana ita ce a aika wa na'ura umarni ta turo fayil ɗin tsare-tsarenta zuwa kwamfutar maharan ta hanyar TFTP. Wannan fayil kuwa ya ƙunshi fasalin layukan ma'aikata da kalmomin sirri, waɗanda wasunsu da tsohuwar dabara aka ɓoye su, mai sauƙin warwarewa. Cisco ya fitar da gyaran wata kafa a tsarinsa na Smart Install a watan Maris na wannan shekara. Amma a watan Agustan 2025, wato bayan shekaru 7, hukumar FBI ta sake yin gargaɗi cewa ana ci gaba da bin wannan kafa ɗin, an kuma kwashi fayilolin tsare-tsare na dubban na'urori da ba a sabunta ba.

Saboda haka ne ake shawartar injiniyoyi da su kunna manhajar TFTP a lokacin aikin kawai, a kan keɓantaccen layin gudanarwa da ba ya haɗe da intanet, su kuma kashe ta da zarar sun gama.

Harin da ya kai ga umarnin CISA na 2025 yana da tushe a wani da Cisco ya bayyana a watan Afrilun 2024, ya kira shi ArcaneDoor, ya kuma danganta shi da maharan da wata gwamnati ke ɗaukar nauyinsu ba tare da ya ambaci ƙasar ba. A wancan karon maharan sun yi amfani da wata tsohuwar ɗabi'a ta ASA: duk lokacin da ta tashi, takan duba ma'ajiyarta ta nemi wani fayil mai suna na musamman, idan ta same shi ta buɗe shi ta aiwatar da abin da ke ciki. Ajiye fayil mai wannan suna kaɗai ya ishe su su dawo bayan kowace kunnawa.

A 2025 sun nutsa fiye da haka. A wasu tsofaffin samfurori na jerin ASA 5500-X, sun sauya ROMMON ɗin kanta, da wani dashe da cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ta kira RayInitiator. Tun da ROMMON ce ke tashin babbar manhaja, dashen yakan tsira daga sake kunnawa, har ma daga sabuntawa ta yau da kullum. Cisco ya ce a kan samfurorin da ba su da tsarin Secure Boot kaɗai ya ga hakan. A wannan tsari, na'urar da kanta take duba hatimin kamfani a jikin kowace manhaja kafin ta yarda ta tashi da ita, maimakon ta jira mutum ya tuna ya duba. Tsofaffin akwatunan ba a ƙera su da shi ba, kuma babu fayil ɗin da za a aiko ya sa musu shi, shi ya sa aka ce a cire su.

A watan Nuwamban 2025 CISA ta sake fitar da sanarwa. Ta ce ta gano na'urori a wasu ma'aikatu da aka rubuta a rahoto cewa an sabunta su, alhali zubin da aka ɗora musu bai kai wanda ke ɗauke da gyaran ba, kuma ana ci gaba da kai hari kan irin waɗannan zubi. Ta umarci ma'aikatun da su koma su duba lambar zubin da kowace na'ura ke aiki da shi, su gwada ta da mafi ƙarancin lambar da aka ƙayyade.